Ciwon Kogon Hanci Mai Daɗewa Da Dalilin Da Ya Sa Kafso Ke Kasa Warkar Da Shi

Kamar yadda jama'ar masarautar Gumel suka sani, da zarar an kawar da amfanin gona an shiga hunturu, wato daga watan Nuwamba har zuwa wajen watan Maris, iskar arewa maso gabas kan taso da ƙura mai laushi ta lulluɓe garuruwa da ƙauyukan ƙananan hukumomin Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi take tasowa, wurin da masana ke ɗauka a matsayin mafi girman matattarar ƙura a duniya. A daidai wannan lokaci ne kuma ake sussukar gero da dawa, ana kakkaɓe riɗi, mata na shiƙa, da dare kuma a rufe ɗakuna a hura wuta saboda sanyi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mura ta yawaita a gidaje.

Mafi yawan masu mura kan warware cikin mako guda zuwa kwana 10, ko sun sha magani ko ba su sha ba. Amma akwai wani rukuni na jama'a da hunturu zai wuce, bazara ta shigo, har damina ta sauka, hancinsu na nan a toshe, majina mai kauri na gangarowa ta bayan maƙogwaro, fuska ta yi nauyi musamman idan an sunkuya, ƙanshin abinci ma ba sa ji. Irin wannan mutum za a tarar ya sha kafso ja da yalo, ya sha Ampiclox, ya sha Septrin, wataƙila har ya daure ya sayi Augmentin mai tsada. Kowane karo sai ya sami sauƙi na mako guda ko biyu, sannan ciwon ya dawo kamar ba a taɓa shan komai ba. Daga nan wani ya ce maganin jabu ne, wani ya ce sanyi ne ya yi masa yawa, wani kuma ya fara zargin jifa aka yi masa.

An shirya wannan bayani ne domin wayar da kan jama'a game da ɗaya daga cikin manyan dalilan da ke haddasa wannan tafiya da dawowa, wato wata shimfiɗa mai yauƙi da ƙwayoyin cuta ke gina wa kansu a cikin hanci, wadda masana kimiyya ke kira bayofim.

Mene ne kogon hanci?

A cikin ƙasusuwan fuskar ɗan Adam akwai wasu ramuka masu ɗauke da iska, waɗanda likitoci ke kira sainos. Iri huɗu ne, kowane iri dama da hagu: na cikin kumatu, na goshi, na tsakanin idanu, da kuma na can ciki a bayan hanci. Kowane kogo yana da 'yar ƙaramar kafa da ba ta wuce milimita kaɗan ba, wadda ta buɗe zuwa cikin hanci. Bangon kogon kuwa a lulluɓe yake da wata fata mai taushi da ke fitar da majina a kullum, kuma a kan fatar akwai ƙananan gashi da ido ba ya gani, masu kaɗawa ba dare ba rana suna share majinar tare da ƙura da ƙwayoyin cutar da ta kama, su fitar da ita ta wannan kafa zuwa maƙogwaro, mutum ya haɗiye bai sani ba.

Wani abin lura shi ne, kafar kogon kumatu a sama take, ba a ƙasa ba, tamkar tulun da ba shi da mafita sai ta wuya. Saboda haka majinar ba ta iya zubowa da kanta, sai dai waɗannan ƙananan gashi su tura ta sama. Idan mura, ko ƙura, ko hayaƙi, ko alaji suka kumbura fatar, kafar ta toshe, gashin ya raunana, sai majina ta kwanta a ciki. Ruwan da ya kwanta kuwa kowa ya san abin da yake tarawa.

Likitoci na bambanta ciwon kogon hanci na ɗan lokaci da mai daɗewa. Bisa ƙa'idar da ƙwararrun likitocin hanci na Turai suka sabunta a shekarar 2020, ana kiran ciwon mai daɗewa ne idan ya kai mako 12 ko fiye, kuma mutum na da aƙalla biyu daga cikin waɗannan alamomi: toshewar hanci, zubar majina ta gaba ko ta baya, ciwo ko nauyin fuska, da raguwar jin ƙanshi, da sharaɗin ɗaya daga cikin biyun ta kasance toshewa ko zubar majina. Wannan mai daɗewar shi ne abin da muke magana a kai.

Yadda ƙwayoyin cuta ke gina mafaka

Duk matar da ke wanke randa ta san bayofim, ko da ba ta taɓa jin sunan ba. Idan randa ta yi kwanaki ba a wanke ta ba, aka sa hannu aka shafa cikinta, za a ji wani santsi mai yauƙi ya manne a jikin bangon. Ruwan da ke ciki na iya zama garau, amma santsin na nan. Ko sau nawa aka zubar da ruwan aka ɗauraye aka zuba sabo, ba ya fita sai an sa soso an goge. Wannan santsi taron ƙwayoyin bakteriya ne da suka manne a bango, suka hayayyafa, suka fitar da wani danƙo suka lulluɓe kansu da shi. Haka nan dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori idan aka kwana biyu ba a yi asuwaki ba, ita ma bayofim ce.

A kan dauɗar haƙorin ne ma aka fara ganin abin. A shekarar 1683 wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, mai suna Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya ƙware wajen haɗa madubin ganin ƙananan halittu, ya kankaro dauɗar haƙoransa ya duba, ya ga ƙananan halittu na motsi a ciki. Ya kuma lura cewa idan ya kurkure baki da ruwan khal, na waje-waje kaɗai ke mutuwa, na cikin dauɗar na nan da ransu. Sai dai an shafe kusan shekara 300 kafin likitanci ya ɗauki wannan lura da muhimmanci. A shekarun 1970 wani likita a Kofanhegan ta ƙasar Denmak, Niels Høiby, ya ga irin wannan curi na ƙwayoyin cuta a majinar masu wani ciwon huhu na gado da ba ya jin magani. A 1978 kuma masanin ƙasar Kanada J. William Costerton da abokan aikinsa suka bayyana cewa a zahiri yawancin bakteriya a manne suke rayuwa, cikin taro, ba a warwatse cikin ruwa ba kamar yadda aka saba nazarinsu a ɗakin gwaji.

Ginin na tafiya ne daki-daki. Da farko 'yan ƙwayoyi kaɗan ne ke manne wa wurin da ya sami rauni, misali inda ƙananan gashin nan suka lalace. Sai su hayayyafa su zama 'yan tsibi-tsibi. Suna da wata hanya ta sanin yawansu, domin kowace ƙwaya na fitar da wani sinadari, idan sinadarin ya yi yawa a wurin sai su gane sun taru, su canza ɗabi'a gaba ɗaya, su duƙufa wajen fitar da danƙon da ya ƙunshi nau'o'in sukari, furotin da ɓurɓushin ƙwayoyin gado. A bayofim da ya nuna, danƙon ya fi ƙwayoyin kansu yawa nesa ba kusa ba. Za a iya kwatanta shi da ganuwa irin ta biranen da, wadda mutane ke ciki suna harkokinsu, maharin da ya zo sai dai ya kama wanda ya tarar a waje. Lokaci-lokaci kuma wasu ƙwayoyi kan ɓalle daga cikin ganuwar su bazu, kuma a lokacin ne mara lafiya ke jin ciwon ya taso, majina ta ƙara kauri, fuska ta ɗau zafi.

Abin da ke faruwa idan an sha kafso

Nan ne gundarin maganar take. Idan mutum ya sha antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, maganin kan bi jini ya isa fatar kogon hanci, ya karkashe ƙwayoyin da suka ɓalle suke yawo. Alamomin ciwo su lafa, mutum ya ce ya warke. Amma na cikin bayofim yawanci na nan, kuma da zarar maganin ya fita daga jiki sai su sake hayayyafa. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna cewa ƙwayar da ke cikin bayofim na iya jure adadin maganin da ya ninka wanda ke kashe 'yar'uwarta mai yawo sau 10, wani lokaci har sau 1,000. Babu mai iya shan magani mai yawan haka ya zauna lafiya, domin hanta da ƙoda ba za su ɗauka ba.

Dalilan wannan juriya sun fi ɗaya. Na farko da ke zuwa wa mutum a rai shi ne danƙon na tare maganin, kuma haka ne ga wasu magunguna, kamar jentamaisin, wanda kan maƙale a danƙon ya yi jinkirin shiga. Sai dai wasu magungunan na ratsawa har ciki, amma duk da haka su kasa aiki, kuma dalilin hakan ya fi ban mamaki. Can ƙasan bayofim iska da abinci sun yi ƙaranci, saboda na sama sun cinye, don haka ƙwayoyin da ke ƙasa kan rage harka su kwanta kamar masu barci. Magungunan dangin fenisilin kuwa, irin su amoksisilin da amfisilin, suna kashe ƙwaya ce a lokacin da take gina bangon jikinta domin ta rabu gida biyu. Wadda ba ta gini, ba ta rabuwa, maganin zai zo ya wuce ta. Tun a shekarar 1944 wani likita ɗan ƙasar Ailan, Joseph Bigger, ya gano cewa duk yadda aka zuba fenisilin a kan taron bakteriya sai an sami 'yan kaɗan da suka tsira ta wannan hanyar, waɗanda daga baya suke farkawa su cika wurin. Manomi zai fahimci wannan da sauƙi, domin ya san irin ciyawa da ke kwance cikin ƙasa duk tsawon rani, ba noman da ke taɓa shi, ruwan farko na sauka ya tsiro.

Bugu da ƙari, wasu ƙwayoyin na fitar da sinadarin da ke lalata fenisilin, kuma a cikin bayofim wannan sinadari kan taru a danƙon ya kare har maƙwabtan da ba su iya fitar da shi. Zaman cunkoso kuma na ba su damar miƙa wa juna ƙwayoyin gado masu ɗauke da dabarun bijire wa magani. Su ma sojojin jiki, wato fararen ƙwayoyin jini, idan suka zo sai su tarar curin ya fi ƙarfin haɗiya, su yi ta zubar da makamansu a bakin ganuwa, abin da ke ƙara ƙona fatar kogon, ya ƙara kumburi, ya ƙara kashe ƙananan gashin da ya kamata su share wurin. Ta haka ciwon ke ciyar da kansa.

Wannan ne kuma ke bayyana wani abu da kan rikita marasa lafiya, har ma da wasu ma'aikatan lafiya. Za a ɗebi majina a kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito cewa magani kaza na kashe ƙwayar, a rubuta shi, a sha yadda aka ce, amma ciwon ya dawo. Ba lallai ne gwajin ya yi kuskure ba, kuma ba lallai ne maganin jabu ne ba. A ɗakin gwaji ƙwayar a warwatse ake rainon ta, tana cikin hayayyafa, ba ta da ganuwa. Wadda ke cikin kumatun mara lafiya kuwa halinta dabam ne.

Abin da bincike ya gano a cikin hanci

A shekarar 2004 ne likitoci a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka suka fara ba da rahoton ganin bayofim a jikin fatar da aka ciro daga kogon hancin masu wannan ciwo. Bayan shekara biyu, a 2006, wani bincike a birnin Montiriyal na Kanada ya nuna cewa marasa lafiyar da ke ɗauke da nau'in Staphylococcus aureus ko Pseudomonas aeruginosa masu iya gina bayofim sun fi samun matsala bayan an yi musu aiki. Likitocin birnin Adelaide na Ostareliya su ma sun tarar da haka, musamman game da Staphylococcus aureus, wanda har yakan shige cikin ƙwayoyin fatar kogon ya ɓuya.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya cewa ba kowane mai ciwon ne ke da bayofim ba, an kuma taɓa samun sa a hancin wasu masu lafiya ƙalau. Fahimtar da likitocin hanci suke kai a yau ita ce, ciwon kogon hanci mai daɗewa a asalinsa ciwon kumburin fata ne, bayofim kuma na cikin abubuwan da ke rura kumburin su hana shi lafawa. Akwai sauran masu rurawa: alaji, asma, hayaƙin sigari da garin tabar da ake shaƙa, karkacewar guringuntsin tsakiyar hanci, tsiron nama a cikin hanci, da ruɓaɓɓen haƙorin sama wanda saiwarsa ke dab da kogon kumatu. Akwai kuma fangas, wato dangin funfuna. An daɗe da sanin ciwon kogon hanci da funfunar Aspergillus flavus ke haddasawa a ƙasar Sudan, mai yanayin zafi da ƙura irin namu, kuma ita ce dai funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Duk cikin waɗannan babu wanda kafso ke magani. Shi ya sa nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2016, bayan ta tattara gwaje-gwajen da aka yi, ya ce hujjar amfanin antibayotik ga masu wannan ciwo ƙalilan ce.

Asarar ba ta tsaya ga aljihu ba

Da a ce kuɗi kawai ake asara, da da sauƙi, ko da yake magidancin da ya sayar da tiya biyu ta riɗi ya sayi maganin da ba zai warkar da shi ba, ba ƙaramar asara ya yi ba. Babbar matsalar ita ce, duk lokacin da aka sha antibayotik, ba hanci kaɗai yake zuwa ba. Yana ratsa hanji da fata da mafitsara, ya kashe ƙwayoyi masu rauni, har da masu amfani, ya bar masu taurin kai su yaɗu. Ranar da mutumin, ko ɗansa, ko matarsa mai jego suka kamu da ciwon da ke buƙatar maganin da gaske, kamar nimoniya ko taifot, sai a tarar ya daina ci. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi da bakinsa a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, inda ya ja kunne game da shan maganin da bai kai ƙima ba. Sayen kafso biyu ko huɗu a kemis, a sha yau a bari gobe, shi ne ainihin abin da ya ji tsoro.

Wani babban nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a duniya kai tsaye sakamakon bakteriya masu bijire wa magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ke da kaso mafi tsanani idan aka kwatanta da yawan jama'a. Nijeriya ta fitar da tsarin ƙasa na farko na yaƙi da wannan matsala a 2017, ta kuma ƙaddamar da na biyu a 2024. Masu shagunan kemis na da rawar takawa a nan, domin akasarin waɗannan magunguna ba a yarda a sayar da su ba sai da takardar likita. Shi kuwa maganin da ake tallansa a faranti ko bayan babur a ranar kasuwa, yana shan rana tun safe har la'asar, ba ya ma buƙatar dogon bayani.

Abin da ke taimakawa

Idan aka koma ga misalin randa da na haƙori, za a ga cewa abin da ke cire yauƙi shi ne wanki da guga. Haka abin yake a hanci. Matakin farko da ƙwararru suka yi ittifaƙi a kai shi ne wanke hanci da ruwan gishiri mai yawa a kullum, domin yana tsinka majina, ya ɗauke ƙura, ya rage kaurin yauƙin, ya ba ƙananan gashin damar komawa aiki. Ga al'ummar da ta saba shaƙa ruwa a alwala wannan ba baƙon abu ba ne, illa dai wankin magani ya fi yawan ruwa kuma yana da ƙa'idojinsa.

Ana tafasa ruwa lita guda na tsawon minti 5, a bar shi ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi, a zuba gishiri giram 9, wato kimanin cokalin shayi ɗaya da rabi a shafe. Sai a sami sirinji babba marar allura ko robar wanke hanci, a sunkuya a kan kwano, a buɗe baki, a tura ruwan a hankali ta kafar hanci guda ya fito ta ɗayar, sannan a juya. Kofi guda ya isa wanki ɗaya, safe da yamma. Abin da ya kwana a zubar a haɗa sabo, a kuma wanke sirinjin a shanya shi, don shi ma yana iya tara nasa yauƙin. Maganar tafasawa ba ta wasa ba ce. A 2011 mutum biyu sun rasu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfon da ke ɗauke da wata ƙwayar amiba mai cin ƙwaƙwalwa. Saboda haka ruwan rijiya, na burtsatse ko na leda, duk a tafasa. Kada a sa kanwa, ko tafarnuwa, ko man zafi, domin suna ƙona fatar. Ita ma zuma, duk da an ga tana kashe bayofim a ɗakin gwaji, da aka gwada ta a wankin hancin marasa lafiya ba ta nuna fifiko a kan ruwan gishiri ba.

Mataki na biyu shi ne maganin feshi na rage kumburi, mai ɗauke da sitiroid, wanda likita ke rubutawa. Yana buƙatar haƙuri, domin sai an yi makonni ana fesawa kullum kafin a ga amfaninsa sosai, kuma da yawa kan watsar da shi tun a makon farko. Kada a rikita shi da ɗigon buɗe hanci irin su Otrivin, wanda ke buɗe hanci nan take amma idan aka wuce mako guda ana amfani da shi sai hancin ya koma toshewa fiye da da. Kada kuma a rikita shi da ƙwayoyin sitiroid na haɗiya, irin su dekzametazon, waɗanda yawan shan su ba bisa umarnin likita ba ke jawo hawan jini, ciwon sukari da raunin ƙashi.

Wannan ba ya nufin antibayotik ba shi da gurbi. Likita na iya rubuta shi idan mura ta wuce kwana 10 ba sauƙi, ko ta fara sauƙi sannan ta dawo da ƙarfi, tare da zazzaɓi mai zafi da matsanancin ciwon fuska a ɓangare guda, ko kuma idan ciwon mai daɗewa ya yi mummunan tashi. Launin majina kaɗai, kore ko ruwan ɗorawa, ba hujja ba ce, domin fararen ƙwayoyin jini ne ke ba ta wannan launi ko da bairos ne ya kawo murar. Idan an rubuta maganin, a sha shi daidai adadi da lokutan da aka faɗa.

Wanda ya yi wata biyu zuwa uku yana wanki da feshi bai ga canji ba, yana buƙatar ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Shi ne zai leƙa da siririn bututu mai fitila, idan da hali a ɗauki hoton siti-sikan, a gano ko tsiro ne, ko funfuna, ko toshewar kafa. Aikin da ake yi a yau ta cikin hanci ake bi, ba a tsaga fuska. Ana faɗaɗa kafofin ne a kwashe abin da ya taru, domin iska ta shiga, ruwan wanki da maganin feshi su riƙa isa har cikin kogon. Saboda haka ko bayan aiki wankin ba ya tsayawa, kuma wanda ya daina shi ne ya fi saurin komawa gidan jiya.

A ɓangaren rigakafi kuwa, ya kamata masu sussuka da shiƙa da masu aiki a injin niƙa su riƙa rufe hanci da takunkumi ko rawani, haka ma 'yan acaɓa da masu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis cikin ƙurar dabbobi. A riƙa girki a inda hayaƙi ke fita, a kuma guji kwana da wuta a rufaffen ɗaki.

Alamomin da ba a jira da su

Kogunan hanci maƙwabtan ido ne da ƙwaƙwalwa, ƙashin da ya raba su da ido kuwa siriri ne kamar takarda. Don haka ana kira ga jama'a da su garzaya asibiti a ranar, ba tare da tsayawa kemis ba, idan aka ga kumburi ko ja a kewayen ido, ko ido ya turo, ko gani ya ragu ko ana ganin abu biyu-biyu, ko goshi ya kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da amai, sanƙarewar wuya ko gushewar hankali. Yara sun fi shiga wannan haɗari, haka ma masu ciwon sukari. A irin wannan hali antibayotik, sau da yawa ta allura, shi ne ke ceton ido da rai. Har ila yau, toshewa ko zubar majina mai wari ko mai jini ta kafar hanci guda ɗaya tak na buƙatar dubawa. A wurin yaro sau da yawa ƙwayar wake ce ko gyaɗa ya tura ta kwana a ciki, a wurin babba kuma yana iya zama haƙori, funfuna ko tsiron da bai kamata a yi jinkiri da shi ba.

Ga mazauna Gagarawa da kewaye, hanyar ita ce a fara da cibiyar lafiya matakin farko mafi kusa, daga nan a tura mutum Babban Asibitin Gumel idan da buƙata. Idan abin ya fi ƙarfin nan, akwai Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Kano, wanda ke da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Duk mai zuwa ya riƙe takardar turawa, ya tattara kwalaye da ledojin magungunan da ya sha a watannin baya ya tafi da su, ya kuma yi ƙoƙarin tuna watan da ciwon ya fara da ɓangaren fuskar da ya fi damun sa, domin da waɗannan ne likita zai fara tambaya.